Noma Ba Ƙasa, da Gishiri Biyu da A Ke Mantawa

In ka tarad da tsohon manomi a bakin gonarsa, ka ce masa akwai inda a ke noman tumatir ba ƙasa ko cikin cokali, in mai kawaici ne sai ya yi murmushi ya ce, "Allah mai iko." In kuwa ba shi da kawaici sai ya ce karatu ya taɓa ka. Amma fa maganar gaskiya ce, ba kuwa jiya aka fara ba. Tun da ya ke yawancinmu aji za mu shiga in mun bar nan, ya kamata mu san gindin abin, kada yaro ya tambaye mu mu yi ta sosa ƙeya.

A shekarar 1648 aka buga labarin wani gwaji na Jan van Helmont, wani likita na ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu. Ya auna busasshiyar ƙasa laba 200 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin laba 5, ya yi shekara 5 ba ya ba shi kome sai ruwa. Da ya tumɓuke ya auna, sai ya ga itacen ya kai laba 169, ƙasa kuwa abin da ta ragu kamar oza 2 ne kaɗai. Sai ya ce ashe ruwa ne ke rikiɗa ya zama itace. Ya yi kusa, amma bai kai ba. Gaskiya ne yawancin jikin shuka daga ruwa da iska a ke gina shi, amma ɗan abin nan da ya raina, wanda saiwa ke tsotsa daga ƙasa, in babu shi ba shuka.

Wajen 1860 waɗansu Jamusawa biyu, Julius Sachs da Wilhelm Knop, suka gane mene ne abin. Suka narka gishiri iri iri cikin tsabtataccen ruwa, suka tsoma saiwar shuka ciki, ta girma sarai ba ta taɓa ƙasa ba. Daga 1929 wani malami na jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, ya tashi yana cewa a fid da abin daga ɗakin gwaji a yi noman abinci da shi. Tumatirinsa ya yi yaɗo har ƙafa 25, a 1937 kuwa ya fito da sunan da a ke kiran irin wannan noma da shi, watau haidirofonik.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙasa uwa ce, tana ba shuka abubuwa da yawa waɗanda manomi bai san ma ta bayar ba. Kowa ya san uku ɗin nan da a ke rubutawa a buhun takin zamani, naitirojin da fosfaras da fotasiyam. Amma akwai biyu da ke bi musu, kalsiyam da magnesiyam, waɗanda ba safai a kan tuna da su ba, domin yawancin gonaki suna da su daidai gwargwado. Ran da ka raba shuka da ƙasa, aikin uwa ya komo kanka. Abin da ba ka zuba cikin ruwan ba, ba inda za ta same shi.

Kalsiyam ba baƙo ba ne gare mu. Yana cikin ƙashinmu da haƙoranmu, da ɓawon ƙwai, da allin da malami ke rubutu da shi. Jikin shuka an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu, suna jere kamar tubali a bango. Kalsiyam shi ne ƙwaɓin da ke tsakanin tubali da tubali. Kun kuwa san in ƙwaɓi ya bushe a bango, ba a ɓamɓaro shi a kai wani gini. Haka shi ma, inda ya shiga nan ya zauna. Saboda haka kowane sabon toho sai an kawo masa nasa sabo daga saiwa. Ba shi kuwa da abin hawa sai ruwan da ke haurawa cikin kara, ruwan nan kuma ganye ne ke jawo shi sa'ad da ya ke fid da tururi. Babban ganye yana jan ruwa da yawa, sai ya ƙoshi. Ɗan tumatir da ganyen da ke ƙunshe a tsakiyar latas ba su fid da tururi sosai, su a kan bari a baya. Shi ya sa ka kan ga gindin ɗan tumatir ko tattasai ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗosana masa wuta, bakin sabon ganyen latas kuma ya ƙone. Masu lambu da yawa kan zaci ƙwari ne, su yi ta fesa magani a banza.

Magnesiyam halinsa dabam. Koren nan na ganye, wanda da shi shuka ke kama hasken rana ta yi abincinta, kowane ƙwayarsa akwai magnesiyam ɗaya zaune a tsakiya. Wani Bajamushe, Richard Willstätter, ya tabbatar da haka, aka kuwa ba shi lambar Nobel a 1915 saboda bincikensa a kan launin tsire-tsire. Shi magnesiyam matafiyi ne. In ya yi ƙaranci, sai shuka ta kwaso shi daga tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi, kamar yadda uwa kan hana bakinta ta ba ɗa a shekarar yunwa. Sai ka ga ganyen ƙasa ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka saura kore.

Ga abin riƙewa ke nan. In ciwo ya ɓullo a sama, ga toho da 'ya'ya, tuhumi kalsiyam. In ya fara daga ƙasa, ga tsohon ganye, tuhumi magnesiyam. Sai dai a lura, in rawayar nan ta tsakanin jijiyoyi ta fito ga sabon ganye na sama, wannan yawanci rashin ƙarfe ne, gishirin magnesiyam ba zai yi maganinsa ba.

Nawa a ke zubawa? A 1938 Dennis Hoagland da Daniel Arnon na Kalifoniya suka buga wani haɗi wanda har yau a ke aiki da shi. Cikin lita guda ta ruwa akwai kalsiyam miligiram 160 zuwa 200, magnesiyam kuwa kamar 48, watau na farin ya ninka na biyun sau uku ko huɗu. Kalsiyam a kan same shi daga gishirin kalsiyam naitiret. Magnesiyam kuwa daga gishirin Efsom, wanda ya ci sunan wani gari na Ingila, shi ne wanda a kan sha don wankin ciki. In rawaya ta riga ta bayyana, a kan narka giram 20 cikin lita guda a fesa wa ganye da yamma.

Akwai ramuka huɗu da mai wannan noma kan faɗa. Na fari ruwa. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa ciki, wanda ke barin farin ɓawo a gindin tukunya, ya riga ya ɗauko gishirin nan biyu daga duwatsu. Ruwan sama da ruwan da aka tace da inji kuwa kusan wayam su ke. Haɗin da ya ishi mai rijiya ba zai ishi mai ruwan sama ba. Na biyu, masu shuka cikin zaren ɓawon kwakwa maimakon ƙasa. Zaren nan, in sabo ne, ya kan kama kalsiyam da magnesiyam ya riƙe, ya saki nasa gishirin, don haka a kan jiƙa shi cikin ruwan kalsiyam tukuna. Na uku, in ka gama gishirin nan biyu cikin ɗan ruwa kaɗan, sai farin gari ya kwanta a gindi, kalsiyam ya tafi inda saiwa ba ta samunsa. Shi ya sa a kan narka su a mazubi dabam dabam, ba su gamuwa sai cikin babban ruwa. Na huɗu zari. Fotasiyam in ya yi yawa ya kan tare wa su biyun hanya, magnesiyam ma in ya yi yawa ya kan tare wa kalsiyam. Sau da yawa kuma kalsiyam yana nan cikin ruwa, iska ce ta tsaya cik a ɗakin shuka, ko saiwa ta bushe ta jiƙe ta bushe, ya rasa mai kai shi. Nan ƙarin gishiri ɓarna ne, gyaran ban ruwa da buɗe taga shi ne magani.

Kada wani ya ce wannan zancen masu ɗakin gilashi ne. Gyaɗarmu ma, ƙwansonta da kansa ya ke tsotsar kalsiyam daga ƙasar da ya nutse ciki, uwar ba ta aiko masa isasshe daga sama. In wurin ba shi da shi, ka ga ganye shar, ran tono ka fasa ka tarad da fanko.

Gani ya kori ji. Kowanenmu yana iya nuna wa yara wannan da kwalba uku da tsiron tumatir uku. A wanke saiwa, a rataya kowane a bakin kwalba da auduga, a naɗe kwalbar da takarda don kada haske ya shiga gansakuka ya fito. Ta fari a sa mata cikakken haɗi. Ta biyu a hana ta kalsiyam, ta uku magnesiyam, amma a musanya musu da wani gishiri mai naitirojin ko mai farar wuta, don kada a hana su abu biyu. A yi da ruwan sama, a riƙa sakewa kowane mako, a sa yara su zana ganyen cikin littafinsu. Kafin wata ya cika za su nuna maka da yatsa wadda ta mutu daga sama da wadda ta ƙoɗe daga ƙasa. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ran da ya tarad da baƙin gindi a lambun ubansa ba zai ce sammu ba ne.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa abin da muka koya ya amfani na bayanmu, amin.