ƊAUKAR HOTON NAMUN DAJI: A FARA SAYEN GILASHI KAFIN KYAMARA

Duk wanda ya taɓa shiga motar zaga daji a Yankari, sa'an nan ya koma gida ya buɗe hotunan da ya ɗauko da wayarsa, ya san irin takaicin da ke cikin lamarin. Giwar da ya gani da idonsa ta cika hanya, sai ya tarar ta koma ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar ciyawa, har sai ya sa yatsa ya nuna wa iyalinsa inda take. Wannan takaici shi ke sa matasanmu da dama su ɗaura niyyar sayen kyamara. To, a nan ne kuma ake tafka asara, domin galibin masu saye sukan zuba dukan abin da suka tara a kan kyamarar kanta, sa'an nan su nemi gilashi da ɗan canjin da ya rage.

A aikin daji kuwa, gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara shi ne uban tafiya. Dalili shi ne naman daji ba ya tsayawa a yi masa hoto kamar ango. Gwanki da kanki da mazo, da zarar sun ji motsi ko sun shaƙi iskar mutum, sai dai a ga ƙurarsu. Ɓauna da giwa kuma ba a so ma a kusance su. Saboda haka dole ne gilashi ya yi wa mutum tafiyar da ƙafarsa ba za ta yi ba.

Ana auna nisan da gilashi ke jawowa da milimita. Babban gilashin wayar hannu bai wuce kwatankwacin milimita 24 zuwa 28 ba, watau an yi shi ne domin ya kwaso fili mai faɗi. Manyan dabbobi daga cikin mota suna bukatar milimita 300 zuwa 400. Tsuntsaye kuwa, waɗanda Yankari ke da su fiye da iri 350, da wuya 400 ta wadatar da mai nemansu, sai an kai 500 ko 600. Mai shirin zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka su yi hunturu, ya sa wannan a ransa tun kafin ya je kasuwa.

Akwai gilashin milimita 600 wanda ƙwararru ke amfani da shi, mai lamba f/4. Nauyinsa ya kai kilo 3, kuɗinsa kuma ya haura dalar Amurka 12,000. Mu bar wannan ga masu shi. Abin da ya sauƙaƙa wa sauran jama'a shi ne irin gilashin da ake zuƙewa a saki. Kamfanonin Tamron da Sigma sun fito da mai milimita 150 zuwa 600, Nikon ya fito da mai 200 zuwa 500 a 2015, Sony kuma mai 200 zuwa 600 a 2019. Kowannensu yana da nauyin kilo 2 ko sama da haka kaɗan, kuɗinsu kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. A ganina waɗannan sun fi dacewa da dazuzzukanmu, domin a Yankari itatuwa da dogayen ciyayi sun yi yawa, kuma sau da yawa giwa takan ɓullo ne kwatsam kusa da mota. Mai gilashin da ba ya zuƙewa, a wannan lokaci sai dai ya samu hoton kunne ko haure kawai.

Lambar nan mai harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ƙofar, gwargwadon kuma tsadar gilashin. Muhimmancinta ya zo ne daga ɗabi'ar dabbobin kansu, waɗanda suka fi fitowa da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya, lokacin da haske ke da ƙaranci. Ana sayar da wani ɗan gilashi da ake sanyawa tsakanin kyamara da babban gilashi domin ƙara nisa. Mai lamba 1.4 yakan mai da milimita 400 ta zama 560, amma fa yana cinye rabin hasken, f/5.6 ta koma f/8. Da hantsi babu laifi. Da magariba kuwa ba riba.

Sai batun kyamarar kanta. A cikinta akwai faifan da ke karɓar haske, wanda ya maye gurbin fim ɗin da muka sani a dā. Mai babban faifai ta fi kyau a duhu, ta kuma fi tsada. Mai matsakaicin faifai, wadda ake kira APS-C, tana da wata fa'ida ga mai aikin daji: tana ɗebo tsakiyar hoton ne kawai, saboda haka dabba takan fito da girma. A kyamarar Nikon ko Sony ana ninka lambar gilashi sau 1.5, a ta Canon sau 1.6. Alal misali, gilashin milimita 400 a kan Canon irin wannan zai ba da abin da 640 za ta ba da a kan babbar kyamara. Ga rangwamen kuɗi, ga ƙarin nisa.

Kyamarorin zamani marasa madubin ciki sun zo da abubuwa biyu masu amfani ƙwarai. Suna iya gane idon dabba su bi shi da saiti da kansu, dabarar da Sony ya shigo da ita a 2019, Canon kuma ya sa ta cikin EOS R5 a 2020 har da ta tsuntsaye. Har wa yau suna iya ɗaukar hoto shiru, ba tare da ƙarar da ke firgita mazo ba. Amma wanda aljihunsa bai kai nan ba kada ya karaya. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 an ƙera su ne domin irin wannan aiki, kowacce tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya, kuma ana samun na hannu da sauƙi. Mai sayen ta hannu, ko a Legas ne ko a Kano, ya nemi a nuna masa adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren haskensu an gwada shi ne a kan kimanin 200,000. Gilashi na hannu kuma a ɗaga shi a haska da tocila. Idan aka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, funfuna ce, a ajiye musu abinsu.

Wani zai ce, ina labarin Nikon P900 da P1000, waɗanda gilashinsu ke haɗe da su, kuma suke kaiwa kwatankwacin milimita 2,000 da 3,000? Suna da amfani ga mai son ya gane wane irin tsuntsu ne a can saman itace. Sai dai faifansu ƙarami ne ƙwarai, ba sa jure ƙarancin haske. Ban da haka, idan rana ta take a watan Maris, ƙawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa takan dagula duk abin da ke nesa, ko da gilashin nawa ne.

Dogon gilashi yana ƙara girman dabba, yana kuma ƙara girman rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce, mai riƙe da milimita 500 kada saurin ƙyaurensa ya gaza 1/500 na daƙiƙa. Dabba mai gudu tana son 1/1000, tsuntsu mai tashi 1/2000. A cikin mota, mariƙi mai ƙafa uku ba shi da wurin tsayawa. Abin da ya fi shi aiki kuwa yana cikin kowane gida: a ɗinka ɗan buhu, a cika shi da wake ko shinkafa tiya guda, a ɗora a bakin taga, a kwantar da gilashi a kai, a roƙi direba ya kashe inji. Da yawa daga hotunan da muke sha'awa a mujallun Turai a kan irin wannan buhu aka ɗauke su.

Mai son bidiyo, shi kam ba shi da makawa sai ya sayi mariƙi mai ƙafa uku, mai kai wanda ke juyawa sannu a hankali ba tare da fizga ba. Ya saita kyamararsa a kan hoto 25 a daƙiƙa, ƙyaure a 1/50, sa'an nan ya sa baƙin gilashi mai rage haske domin ranarmu ta yi wa wannan sauri yawa. Ya nemi makirufo na daban mai rigar gashi, in ba haka ba iskar hunturu kaɗai zai ɗauko maimakon kukan burtu. Katin ajiya ya kasance mai alamar V30 ko sama, batura kuma aƙalla uku, tun da a daji ba a dogara da wutar lantarki.

Lokacin da ya fi kyau a Yankari shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Abin takaici, wannan shi ne lokacin ƙura. Kada a cire gilashi a fili, kada kuma a goge shi da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana da yashi mai kartar gilashi. A fara hure ta da 'yar robar busawa, sa'an nan a shafa da tsumma mai laushi. Da damina kuma, musamman a kurmin Gashaka Gumti ko a kudancin ƙasar nan, laima ce abokiyar gaba, sai a riƙa ajiye kaya cikin akwati mai rufewa ruf tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi. Tufafi ma suna cikin kayan aiki. Ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi, saboda haka ruwan ƙasa ya fi.

Akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci cikin zancen dogon gilashi. Mai gajeren gilashi shi ne ke matsa wa direba ya ƙara matsawa, shi ne ke neman sauka daga mota. Giwayen Yankari suna cikin garkuna kaɗan da suka rage a Nijeriya, sun kuma sha wahalar mafarauta, saboda haka uwa mai ɗa ba ta da haƙuri da mutum. Idan ta baza kunnuwa ta girgiza kai, an riga an wuce iyaka. Jirgin nan marar matuƙi ma da wasu ke tashi domin hoto, ƙugin sa yana tayar musu da hankali, kuma ba a tashinsa sai da izinin hukuma. Dabbar da ba ta yarda da mutum ko kaɗan, akwai kyamarar da ake ɗaure wa a jikin itace, ta ɗauki hoto da kanta idan ta ji motsi. Da irinta ce ƙungiyar WCS ta samu hotunan gorilan Kuros Riba tare da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe, waɗanda aka fitar a 2020.

Wanda zai kwana a sansanin Wikki kuma, ya riƙe jakar kyamararsa da kyau, ya kulle ƙofar ɗakinsa ko da fita zai yi ya dawo yanzu. Gwaggon birin wurin ya saba da cewa duk jakar da baƙo ya ajiye akwai abinci a ciki, kuma sai ya kai ta saman itace kafin ya duba.