Labarin Kyaftin Pollard, Madugun Jirgin Da Anbar Ya Fasa

Ma'abota hadisi sun san anbar, dabbar nan da teku ta jefo wa rundunar Abu Ubaida, Allah ya yarda da shi, sa'ad da yunwa ta tsananta gare su. Ana kiransa kifi, amma iska yake shaƙa, nono kuma yake ba 'ya'yansa. A ƙarni na 19 man jikinsa shi ne hajar mutanen wani tsibiri na Amurka mai suna Nantucket, domin da shi ake kunna fitila kafin kananzir ya bayyana. Ba a biyan matuƙan jiragensu albashi. Kowa kasonsa yake jira daga man da aka komo da shi bayan shekara biyu ko uku, in ba a samo ba, wahala ta tashi a banza.

A wannan tsibiri aka haifi George Pollard cikin shekarar 1791. Yana da shekara 28 attajirai suka danƙa masa jirgi mai suna Essex, ya tashi ran 12 ga Agusta 1819 da mutum 21. Ba su yi nisa ba hadari ya kwantar da jirgin, ya ɓata musu kwale-kwale. Pollard ya ce a koma gida a yi gyara. Mataimakansa biyu, Owen Chase da Matthew Joy, suka ce a ci gaba, ya bi su. Mai karatu ya riƙe wannan, gama halin zai sake dawowa a wurin da ya fi wannan tsada.

Suka kewaye ƙarshen Amurka ta Kudu suka faɗa Tekun Fasifik. Ran 20 ga Nuwamba 1820, wato cikin Safar na 1236, suna wajen mil 2,000 daga gaɓa, wani ƙaton anbar, wanda Chase ya ƙiyasta tsawonsa ƙafa 85, ya tunkuyi jirgin sau biyu ya fasa gabansa. Mutum 20 ne a lokacin, don ɗaya ya riga ya gudu a hanya. Suka kwashi abin da ya samu na busasshen burodi da ruwa, suka rarrabu cikin kwale-kwale uku.

A nan aka zauna shawarar da ta yanke al'amarinsu. Iskar wurin yamma take kaɗawa, Pollard kuwa ya ce a bi ta zuwa tsibiran Tahiti. Chase da Joy suka ƙi, wai sun ji labari mutanen tsibiran can masu cin mutane ne. Suka zaɓi a gangara kudu, sa'an nan a juya gabas a nemi gaɓar Amurka ta Kudu, tafiyar da ta haura mil 4,000. Alhali tun 1797 akwai Turawan mishan zaune a Tahiti, jiragen Ingila suna zuwa suna komowa. Shawara aba ce mai kyau, amma maganar jagaba tana da nauyi ne in ya san hanya, su kuwa waɗannan biyu jita-jita kurum suka riƙe. Madugu ya ga hanyar ƙwarai da idonsa, ya kasa tsayawa a kanta, ya sake binsu.

Rabon kowa a yini oza 6 na burodi da ruwan da bai cika moɗa ba, daga baya aka rage. Bayan wata guda suka iske wani tsibiri mara mutane, Henderson, wanda ruwansa kaɗan ne. Mutum uku suka zauna nan, sauran suka wuce. Cikin Janairu 1821 mutuwa ta soma ɗauka ɗai-ɗai, iska ta raba kwale-kwalen, masu rai suka fara cin gawar 'yan'uwansu, abin da suka guje wa a yamma. Baƙar fata shida ne cikinsu, babu wanda ya tsira.

Cikin Fabrairu abinci ya yanke a kwale-kwalen Pollard, saura mutum huɗu. Suka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Owen Coffin, saurayi ɗan innar Pollard, wanda aka ba shi amanarsa. Pollard ya nemi ya kare shi, yaron ya ƙi, abokinsa Charles Ramsdell ya harbe shi. Malaman fiƙihu sun saɓa kan cin mataccen mutum ga wanda larura ta kai shi bakin halaka, amma kashe rai don wani ya rayu ba su saɓa kan haramcinsa ba, ƙuri'a kuwa ba ta halatta shi. Ran 23 ga Fabrairu jirgi mai suna Dauphin ya tsinci Pollard da Ramsdell kusa da gaɓar Chile, suna tsotsar ƙasusuwa. Duka-duka mutum takwas suka rayu, kwale-kwale na uku ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da ya komo gida, shi da kansa ya gaya wa innarsa yadda ɗanta ya mutu. Attajirai ba su zarge shi ba, suka ba shi wani jirgi, Two Brothers. Cikin Fabrairu 1823 wannan ma ya hau duwatsu da dare, arewa maso yamma da Hawai. Mutanen sun tsira, jirgin ya tafi, sai a 2008 masu ninƙaya suka gano tarkacensa. Daga nan ba wanda ya ƙara danƙa masa jirgin farautar anbar. Attajiri yakan yi haƙuri da hasara ɗaya, in ta zama biyu sai ya ce ƙashin tsiya ne.

Pollard ya zama mai gadin dare a titunan Nantucket. Marubuci Herman Melville, wanda ya ɗauko fashewar Essex ya sa a littafinsa Moby-Dick na 1851, ya gana da shi a 1852, ya yaba tawali'unsa. An ruwaito cewa kowace shekara ran 20 ga Nuwamba yakan kulle kansa a ɗaki, ba ci ba sha. Ya mutu a 1870 yana da shekara 78, bai bar ɗa ba.