Gauraka Da Jan Biri: Wa Ya Fi Shiga Haɗari?

Wani manomi mai sauraronmu daga Nguru ya rubuto yana cewa, wai ya ji an sa jan biri cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, tare da gauraka. Yana tambaya, ina haɗin tsuntsu da biri, kuma yaya za a tausaya wa mai yi masa ɓarnar gero?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Da farko dai, masana sun haɗa su ne a rukunin dabbobi masu ƙashin baya, daga nan kowa ya kama gabansa. Gauraka tsuntsu ne mai yin ƙwai, kuma danginsa iri 15 ne a duniya. Shi kuwa jan biri yana cikin masu haihuwa su shayar, dangin gwaggon biri ne, kuma duk cikin birai ba wanda ya kai shi gudu, don yakan yi kilomita 55 a awa.

Jerin da ka ji labari na ƙungiyar IUCN ne mai hedkwata a Suwizalan, wadda ta fara shi a 1964. Hawa-hawa ne, daga waɗanda ba a damu da halinsu ba, har zuwa waɗanda suka ƙare ƙaf. A 2020 aka ɗaga jan biri zuwa hawa na biyu, wato ya kusa shiga haɗari, saboda farauta da mayar da daji gonaki. Gauraka kuwa tun 2010 yake hawa na uku, wato ya riga ya shiga.

Ka ga ke nan wanda ake so shi ya fi shan wuya. Gauraka a fadama yake sheƙa da damina, fadamun kuwa noma da kiwo da ƙarancin ruwa sun cinye da yawa. Sannan ana kama shi ana sayarwa don ado a gidajen masu hali, inda ba kasafai yake hayayyafa ba. Tambayi dattawan garinku yawan gaurakin da suke gani da can, ka gwada da na yanzu.

Saboda haka Malam, kori biri daga gonarka, ba laifi, amma ba sai ka kashe ba. In kuma an kawo maka gauraka talla, kada ka saya, don mai saye shi ke aiken mai kamu.

Da fatan ka gamsu. Sai mun sake jin ka.