Kashe kai, tuba da gafara: me Kiristoci suka ce?

Hausawan Gadarif da ke Sudan suna maƙwabtaka da Kiristoci, musamman tun shekarar 2020 da yaƙin Tigray ya koro dubban 'yan Habasha, galibinsu mabiya Cocin Otodoks, zuwa sansanin Um Rakuba. To me addinin Kirista ya ce kan wanda ya kashe kansa, da mai babban laifi?

A koyarwar Kirista, rai amanar Allah ce. Tun ƙarni na 5 malami Agustin ya ce dokar da ta hana kisa ta haɗa har da kashe kai, kuma taron shugabannin coci na Braga na shekarar 561 ya hana yi wa irin wannan mamaci addu'ar jana'iza. Daga baya an sassauta. Cocin Katolika ta janye hanin a dokokinta na 1983, sannan littafin koyarwarta na 1992 ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ko matsanancin tsoro na rage nauyin laifin. Cocin Otodoks ta fi tsanantawa, amma takan yi rangwame idan an tabbatar da taɓin hankali.

Game da manyan masu laifi kuwa, ƙofar tuba a buɗe take. Littafi Mai Tsarki ya kawo labarin Bitrus da ya yi musun Yesu, ya tuba, aka karɓe shi, yayin da Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ya yanke ƙauna ya rataye kansa. Sai dai tuba tana da sharuɗɗa: nadama, furta laifi da mayar da haƙƙi. Gafarar Allah kuma ba ta soke hukuncin kotu.