Yaron da ya tafi sararin samaniya: Wa ya tuna littafin nan?

Gardamar ta faro ne wata Juma'a da yamma a teburin mai shayi kusa da gadar Wudil, kasuwa ta fara watsewa. Muna cikin hirar finafinan Turawa na 'yan sama jannati, sai wani yayanmu malamin firamare ya ce, "Kai, ku tsaya! Ni fa na taɓa karanta irin wannan da Hausa ina ɗan aji huɗu. Wata halitta ce ta ɗauki wani yaro ta yi sama da shi."

Muka bushe da dariya. Wani ya ce, "Yaya, aljani dai!" Ya rantse ba aljani ba ne, baƙo ne daga wata duniyar. Sunan marubucin? Oho! Littafin ma ba bango ya zo hannunsa. Abin da ya riƙe kawai, ana ce masa "Tauraruwa" wani abu.

Nan fa aka shiga canki-canki. Wannan ya ce Ganɗoki, wancan ya ce Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ya girgiza kai, ya ce waɗannan ai yaƙi ne da jarumtaka. Aka kawo Tauraruwar Hamada, ya ce an yi kusa, amma da saura.

Sai wata Juma'ar wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai ya raba gardama. Yana jin bayanin ya ce, "Ai Tauraruwa Mai Wutsiya kuke nufi, na Umaru Dembo." Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi a 1969. Yaron sunansa Kilba, baƙon kuma Kolin Koliyo. Yayanmu na jin sunan Kilba ya dafe kai: "Wallahi shi ne!"

To jama'a, ku dubi shekarar nan da kyau. A 1969 ne Neil Armstrong ya taka wata. Fim ɗin E.T. na Steven Spielberg kuwa, mai labarin abotar yaro da baƙon wata duniya, sai 1982 ya fito. Wato Bahaushe ya riga shi da shekara 13! Kuma Umaru Dembo ba baƙo ba ne a harkar fim, domin ya fito a Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976.

Abin takaicin, tun daga Turmin Danya a 1990 ake ta zuba finafinai, amma mafi yawa soyayya, kishiya, rawa da waƙa. Ga Wudil da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, amma a teburin nan duk ba wanda ya san Kilba. In masu tuna rabin labarin suka kau, wa zai tuna ko da rabin?

Furodusoshinmu, ga labari a gida. A nemi izinin masu haƙƙinsa, a gwada. Kai ma mai karatu, in akwai labarin da ke maka yawo a ka, rubuto mana abin da ka tuna, mu taya ka cigiya.