Ƙwallon ƙarfe a hoton ƙashin kwatangwalo

Mai karatu, kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi na ƙashin ƙugu. Wannan mahaɗa ita ce kwatangwalo. Tsufa ko karaya suna iya lalata ta. Haka ma amosanin jini, wato sikila, domin yakan hana jini isa kan ƙashin har ya mutu. Idan ciwo ya hana tafiya, likita yana iya yin fiɗa ya sa mahaɗa ta ƙarfe da roba. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya kyautata wannan aiki a 1962.

Kafin ranar fiɗa, dole likita ya san girman ƙashinka, kuma daga hoton ƙashi yake aunawa. Sai dai hoton yana ƙara wa ƙashi girma. Ka gwada da dare: haska hannunka da tocila kusa da bango. Idan ka janye hannun daga bangon, inuwar sai ta ƙaru. Haka abin yake a ɗakin hoto. Kana kwance rigingine, farantin ɗaukar hoto yana ƙarƙashinka, tsoka da gado sun shiga tsakaninsa da ƙashi. Galibi ƙarin yakan kai kashi 20 cikin 100, amma na mai ƙiba ya fi na siriri.

Saboda haka ake ajiye ɗan ƙwallon ƙarfe wanda aka san faɗinsa, sau da yawa milimeta 25, a ɗauke shi tare da ƙashin. In ya fito milimeta 30 a hoto, an gane cewa kowane milimeta 6 na hoto milimeta 5 ne a jiki. Kan ƙashin da ya nuna 60, ashe 50 ne. Lissafi ne mai sauƙi, amma kuskure a cikinsa yana da tsada. Ƙarfen da ya yi yawa yana iya tsaga ƙashin cinya, wanda ya yi kaɗan kuma yakan yi sako-sako.

Wurin ajiye ƙwallon shi ne abin lura. Tilas nisansa daga faranti ya zama daidai da na mahaɗar. Shi ya sa ake manna shi a gefen ƙugu, ko a sa shi tsakanin cinyoyi can sama. Mutane da dama suna jin kunya a nan, har su ture shi ƙasa. Kada ka taɓa shi, domin in ya gusa awon ya ɓaci. Mace tana iya roƙon ma'aikaciya ta sa mata, kuma mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara.

Ka cire guru, makulli da tsabar kuɗi. Za a ce ka karkato ƙafafu ciki kaɗan, manyan yatsu suna fuskantar juna. Idan zafi ya hana ka, ka gaya wa mai ɗaukar hoton.