Bakon da ya zo daga Kaifeng

A shekarar 1605 wani dattijo Basine mai suna Ai Tian ya taso daga Kaifeng, a lardin Henan, ya nufi Beijing neman mukamin gwamnati. Kafin ya taso ya karanta cewa akwai wasu baki daga yamma a babban birnin, masu bauta wa Allah daya, kuma ba Musulmi ba ne. Sai ya ce a ransa, to wadannan ai 'yan uwana ne. Da isarsa ya nemi gidan shugabansu, wani malamin Katolika dan Italiya, Matteo Ricci.

Ricci ya tarbe shi da murna, don shi ma ya dade yana cigiyar tsofaffin Kiristoci a kasar Sin. Ya shigar da shi dakin ibada. A bango akwai hoton Maryamu da jaririnta Isa, ga Yahaya a gefe. Ricci ya durkusa. Ai Tian ya kura wa hoton ido, ya dauka Rifkatu ce da tagwayenta Yakubu da Isuwa. Durkusa wa hoto ba al'adar mutanensa ba ce, amma girmama kakanni a kasar Sin ba abin wasa ba ne, shi ma ya durkusa. Da ya ga hotunan mutum hudu da suka rubuta Linjila, ya tambaya ko cikin goma sha biyun nan suke. Ricci ya ce kwarai. Bako yana nufin 'ya'yan Yakubu, mai gida yana nufin almajiran Isa, kowa yana gyada kai.

Sai da suka zauna hira gaskiya ta fito. Bakon nan Bayahude ne. Ya ba da labarin iyalai goma zuwa sha biyu a Kaifeng, da wurin ibadarsu, da tsofaffin kwafen Attaura da suka gada. Wani dutse da aka kafa a 1489 ya nuna an gina wurin ibadar tun 1163.

Bayan 'yan shekaru Ricci ya aika wa limaminsu wasika cewa Almasihu ya riga ya zo. Limamin ya amsa cewa da sauran shekara dubu goma. Amma ya kara da cewa shi ya tsufa, kuma ya ji labarin ilimin Ricci, saboda haka in zai daina cin naman alade, ya zo ya gaje shi. Ricci bai je ba, ya rasu a Beijing a 1610.

Naman aladen nan shi ne abin da makwabta suka fi sani game da su. Mutane ne masu kaciya, masu kin alade, masu cewa Allah daya ne, don haka Sinawa suka dauke su wani bangare na Musulmi, suna bambanta su da shudiyar hular da suke sawa. Babu wanda ya danganta su da dukiya ko makirci. Shi kansa Ai Tian aikin gwamnati yake nema. Ambaliyar 1642 ta cinye wurin ibadar, aka sake gina shi, daga baya masu karanta Ibrananci suka kare.

Sunan da Yahudawa suke da shi a Sin yanzu daga Turai ya shigo. Shagunan littattafai sun cika da littattafan sirrin arzikin Yahudawa da yadda wai suke tarbiyyar yara masu kwakwalwa. Sinawa da dama yabo suke nufi, kuma suna tinkaho da cewa Shanghai ta karbi Yahudawa kusan dubu 20 da suka gudo wa Hitler. Sai dai yabon da aka dora a kan kudi bai da nisa da zargi. A 2007 Song Hongbing ya fitar da littafinsa kan yakin kudade, wanda ya dora juya tattalin arzikin duniya a wuyan iyalin Rothschild, kuma ya samu kasuwa sosai. Mu ma nan unguwarmu ta Bacirawa mukan kira mai wayon tsiya Bayahude, alhali yawancinmu ba mu taba ganin ko daya ba.

Jikokin mutanen Kaifeng suna nan har yau, 'yan daruruwa. A takardun shaidarsu Han ko Hui aka rubuta, domin kabilu 56 da addinai 5 gwamnatin Sin ta amince da su, kuma babu Yahudawa a ciki.